Siniyar shan ruwa a sabuwar unguwa

Da yaƙi ya kore mu daga garinmu Bahri, sai muka kama ɗaki biyu a wani gari, bayan kasuwar da ake kira Kasuwar Libiya, ni da 'yata da 'ya'yanta mata. Maigidana mun baro shi a kabari, a tsakar tsohon gidanmu.

Kwananmu tara azumi ya kama. A garin nan maza ke fitar da siniyar abinci, wato babban faranti, bakin titi, a sha ruwa tare. Gidan da tasa ba ta fita ba, ba a sa shi cikin unguwa. Mu kuwa ba namiji.

'Yata ta ce, "Inna, ki bari mana. Wa ya san mu a nan?"

Na ce, "Shi ya sa. Zuba miyar."

Na ɗauko da kaina, na tsaya a bakin ƙofa. Wani dattijo ya taso daga tabarma ya karɓa, ya ce, "Hajiya, daga gidan wa za mu ce?"

Shekara arba'in ina auren maigidana, bakina bai taɓa kiran sunansa ba, saboda kunya. Ranar na faɗa. Dattijon ya maimaita wa sauran, suka yi masa addu'a. Na koma ciki, ruwa kaɗai na iya haɗiyewa.