Gefen da Na Yanke

Da ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata ina shagona na ɗinkin littattafai a Samaru, daga ni sai ƙanwar matata. Kwana arba'in da biyu ke nan da rasuwar yayarta. Ta ajiye wani littafin labari a kan tebur, duk ya yayyage.

"Yaya, a ƙarƙashin filonta na same shi. Ka karanta."

Na ce ba na karanta irin waɗannan. Shekara goma sha ɗaya ina faɗa wa marigayiya haka.

Amma ba na iya ganin littafi a wargaje. Na yi masa abin da nake yi wa aikin ɗalibai: na jera shafukan, na ɗinke, na sa bango, sannan na daidaita gefensa da injin yanka. Tarkacen ya bi shara.

Bayan mako guda, aiki ya yi sauƙi, na buɗe shi. Labarin wata malamar makaranta ne da mijinta ya mutu ta daina magana, sai maƙwabciyarta ta riƙa karanta mata littafi kullum da la'asar. A shafi na tara na ga jan biro a gefe. Rubutun matata ne, amma rabinsa. "Nawa mijin ma ba ya..." Sauran na yanke da hannuna. Haka har ƙarshe: a shafin dama ƙarshen maganarta ya tafi, a na hagu farkonta.

Sau uku na karanta. A na biyun na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Littafin kashi biyu ne, kuma matata ta ba da aron na biyun kafin ta kwanta ciwo. Na bi sawunsa unguwa-unguwa: Muchia, sannan Jushi, sannan rumfar mai hayar littattafai a kasuwar Sabon Gari.

"Malam, kai da furfurarka?" in ji mai rumfar da na tambaye shi littafin, yana dariya.

Na ce na matata ne, ta rasu. Ya daina dariya, ya ce wata matar soja daga barikin Basawa ta ɗauka, kuma an canza wa mijinta wurin aiki. Ya miƙo min sabo. A ciki malamar ta dawo da magana, na kuwa ji sanyi. Amma gefensa fari fat.

Har yau ban san mene ne ta rubuta cewa ba na yi ba.

Baiwar Allah, idan kashi na biyun nan mai jan rubutu a gefe yana hannunki, ki tambayi mai ɗinkin littattafai a Samaru. Ki kawo shi yadda yake. Kada ki bari kowa ya gyara shi.