Tattasan Baba na Ƙarshe

Shekarun baya can, wata safiya ina haɗa miya sai na ji cokali ya taɓa gindin gwangwani, ƙwar. Tattasaina ya kusa ƙarewa.

Lokacin muna wata ƙasar Larabawa a bakin teku. Maigidana ya samu bursu, wato tallafin karatu, yana karatu, ni kuma ina zuwa ajin Larabci da hantsi, in na kai 'yarmu makarantar yara. Abincinsu bai taɓa zauna mini a ciki ba. Burodi da safe, burodi da rana, nama kuma a zuba masa zabibi da zuma. Ranar da aka fara miƙo mini zaitun na zaci kanya ce, na cika baki, na rasa inda zan tofar a gaban mutane.

Gwangwanin nan ne ya riƙe ni. Tattasan gonar mahaifina ne ta bakin kogin Komadugu, can wajen garinmu Diffa, shi ya shanya shi, mahaifiyata ta daka. Sai na kira ta a waya don a aiko mini wani.

Ta ce, "Wane tattasai, 'yar nan? An hana sayar da shi, wai kuɗinsa na tafiya wajen mutanen daji. Mu ma an tashe mu. Muna bakin kwalta cikin bukkar zana."

"Baba fa, Inna?"

"Yana nan, kullum fuskarsa na kallon kogi."

Ba a jima ba ya saci jiki ya koma duba injin ban-ruwansa. A bakin gonar aka tsince shi. Ban ga gawarsa ba, ban zauna makoki ba.

Da sadakar arba'in ta matso na ce zan dafa abinci in raba wa maƙwabta, yadda muke yi a gida. Maigidana ya ce, "Nan ba Diffa ba ne. Ki bari mu sayi dabino mu kai masallaci."

Na ce, "Baba bai noma dabino ba."

Na dafa shinkafa da miyar banda, na sa daddawa, na juye tattasan duka, har na ɗauraye gwangwanin na zuba ruwan a tukunya. Ina jin ana rufe tagogi a benen da muke zaune, na ce ko sanyi ne. Babban kwano na kai wa tsohuwar da muke haya a gidanta, don ba ta wasa da salla, kuma tana son 'yata. Da guntun Larabcina na gaya mata sadakar mahaifina ce. Ta sumbace ni a kumatu biyu, ta yi masa addu'a mai tsawo. Bayan la'asar kwanon ya dawo a wanke, cike da alawa. Na kira mahaifiyata ina murna, na ce har Larabawa sun ci gumin Baba. Ta yi ta sa albarka. Har yau haka ta sani.

Yanzu mun dawo Diffa. Tattasai ya dawo kasuwa, ina saye da tiya kamar wadda ubanta bai taɓa noma shi ba. Gonarmu ta zama daji, ba mai zuwa. Na yi ƙoƙari kar in riƙe tsohuwar nan a raina. Ba mugunta ta yi ba, ni ma ai na tofar da zaitunsu. Amma zaitunsu yana nan, kowace shekara yana 'ya'ya. Tattasaina kuwa na ƙarshe ne, ko ɗanɗana miyar ban yi ba don ta isa kowa. Ina istigfari, ɗacin bai tafi ba.

In cokali ya taɓa gindin gwangwani, muryar 'yata nake ji, washegarin sadakar. Ta dawo daga wasa ta ce ta ga shinkafarmu a bayan gida, an juye ta kan kwali kusa da shara. Na zauna a ƙasa daɓas. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Mama, kar ki yi kuka. Kyanwoyi sun cinye tas. Ai su ma za a rubuta wa Kaka ladansu, ko?"