Ranar da Jaki ya nemi a ji shi

A gidanmu na cikin garin Bauchi, da an sauke tukunyar tuwo Dada ba ta bari a kashe murhu. Kakarmu ce ta wajen uba, ƙaramar tsohuwa mai kaifin harshe, kuma ba ta taɓa manta wanda ya yi mata laifi ba. Takan tura masara cikin garwashi ta buɗe tatsuniya da cewa, “Ga ta nan ta ƙwanƙwasa ƙofa.” Mu ce, “A buɗe mata.” Wanda ya katse ta da surutu, masararsa ta zama ta wani.

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ita ce ta rabon iska. Wai a can da, dabbobi da tsuntsaye duk lokaci ɗaya suke kuka, har uwa ba ta jin kiran ɗanta. Sai Zaki ya tara su ya raba: asuba ta Zakara, hantsi na Kurciya, tsakar rana ta Jaki, dare na Gyare. Aka zauna lafiya. Amma Jaki ya ga ya fi kowa maƙogwaro, ya fara shiga lokacin wasu. Wata rana da hantsi ɗan Kurciya ya faɗo daga sheƙa yana kiran uwarsa, Jaki na ta haniniya a gindin bishiyar. Kafin ya yi shiru muzuru ya ɗauke ɗan.

Kurciya ta kai ƙara. Zaki ya ce ta yi haƙuri, za a duba. A nan Dada kan taɓe baki ta ce, “Za a duba. Ku riƙe maganar nan, za ku sake jin ta in kun girma.”

Kurciya ba ta koma fada ba. Ta bi duk wanda Jaki ya taɓa danne wa murya, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da Kura ta ritsa Jaki a bakin rafi ya buɗe baki neman taimako, sai daji ya ɗauki kuka gaba ɗaya, har kwaɗi. Babu wanda ya ji shi.

Ƙanwata Safiya mai tausayi ce, kullum sai ta tambaya, “Dada, ta cinye shi?”

“Har kofato,” in ji Dada, tana kakkaɓe toka daga masara. “Ta ƙare, kowa ya kaɗe zaninsa.”

Na girma na zama shugabar wata ƙaramar tashar rediyo ta manoma a Tirwun. Hukuma ce ke raba mita, wato lambar da mai sauraro ke murɗawa ya kamo tasha, kuma tana ƙayyade ƙarfin na'urar kowa don kada wani ya hau kan wani. Muka bi layi muka sami tamu. Sai wani Alhaji ya buɗe tasha a Gwallameji a kan mitar da ke maƙwabtaka da mu, ya sa na'urar da ta wuce ƙarfin lasisinsa. Daga nan duk wanda ya kamo mu, waƙoƙin yabon Alhaji yake ji.

A daminar nan tsutsa ta shiga masara. Kwana uku muna sanar da maganinta da lokacin fesa shi. Bayan mako biyu wani dattijo, Baba Yohanna, ya zo ofishina da karan masara guda a hannu, duk tsutsa ta rarake shi. Ya ce, “'Yata, me ya sa kuka yi shiru bana?” Na rubuta wa hukuma ƙara, na sake rubutawa. Aka ce za a duba. Wallahi sai da na ji muryar Dada a kunnena.

Injiniyanmu ya ce zai iya ƙara namu ƙarfin mu ma mu toshe su. Na so, ƙwarai na so. Amma mu za a rufe, na sani. Sai na hau keke na bi manoman gida gida.

Ranar da jami'ai suka zo zaman jin koke kafin sabunta lasisi, zauren ya cika da manoma, kowa da rediyonsa a cinya. Alhaji ya miƙe cikin babbar riga ya fara rantsuwa cewa tasharsa ba ta taɓa tsallake iyakarta ba. Baba Yohanna ya ɗaga rediyonsa, ya nuna wa jami'an allurar rediyon a kan mitarmu, ya kunna. Sauran suka kunna tare. Waƙar yabon Alhaji ta cika zauren. Muna ganin bakinsa yana motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, amma ko kalma ɗaya ba a ji ba.

An rufe na'urarsa kafin sati ya zagayo. Da ina yarinya na ɗauka Kura ce ta hukunta Jaki. Yanzu na gane rabon Zaki daidai ne, abin da ya rasa shi ne mai tsare shi, shi ya sa aikin ya faɗa kan Kurciya. Mutane sun ce in ji tausayin Alhaji, ya yi asara. Ban ji ba, kuma ban nemi in ji ba, don masarar Baba Yohanna ba ta dawo ba.

Da yamma Safiya ta bugo waya daga Yelwa. Ko sallama ba ta gama ba ta ce, “Yaya, ta cinye shi?”

Na ce, “Har kofato.”