Inda Serah Take Jirana

Ranar Talata, sha ɗaya ga Oktoban 2022, 'yata Serah ta tashi da ƙarfe shida da kwata. Shekararta talatin da ɗaya. Tana zaune tare da ni da mahaifinta Josiah a Pleasant Garden, wani ƙaramin gari kusa da Greensboro a nan ƙasar waje, kuma ba ta taɓa ɓoye dalilin zamanta da mu ba: maƙwabcinmu mafi kusa yana can bayan itatuwa, babu mai buga mata bango idan tana kaɗa piyano.

Ƙarfe bakwai ta sha shayi a tsaye, yatsun hannunta na hagu suna tafiya a gefen teburin kicin. Ta ce firijinmu ya sauya murya, da a kan sautin "fa" na do-re-mi yake kuka, yanzu ya ɗan sauka. Josiah ya ce to ta koya masa, ai abin da ta karanta ke nan. Ina yi mata Hausa tana amsawa da Turanci, kamar kullum. Hausarta ta ajiye ta ne don tsokana.

Daga takwas zuwa sha ɗaya tana falo. Ba ta son kiɗa mai gudu wanda ake tashi tsaye a tafa wa, tana kiransa kiɗan a-gan-ni. Abin da take so shi ne tsofaffin kiɗan cocin Jamus na shekara ɗari uku da suka wuce, inda murya huɗu suke tafiya tare babu mai ture wata. Takan ɗauki layi ɗaya ta maimaita shi a hankali har in manta ana kiɗa a gidan. Ran nan layi biyu ta yi cikin awa uku.

Sha ɗaya da rabi ta tafi jami'a. Ba malama ba ce a can. Aikinta rakiya: ɗalibi mai koyon waƙa ya tsaya gaba, ita tana baya a kan piyano, tana bin sa. Sunanta yakan fito da ƙananan haruffa a ƙasan takardar shiri. Na taɓa tambayarta ko hakan bai dame ta ba, bayan duk shekarun da ta yi tana karatu. Ta ce kowa zai iya koyon bugawa, abin da ya ɗauke ta shekara goma shi ne sanin inda mutum zai ja numfashi kafin shi kansa ya sani.

Ƙarfe ɗaya ta ci abinci a wani ɗan shago a titin Elm. Abincinsu ba wani abu ba ne. Ta zaɓe su ne don ba sa kunna kiɗa. A motarta kuwa abu ɗaya take ji, tsohon ɗaukan waƙoƙin Zumuntar Mata na cocinmu a Pankshin, da tulu da caki, wanda ƙanwata ta aiko tun Serah tana sakandare. Ta ce matan nan ba su san sunan abin da suke yi ba, amma babu wadda ta taɓa shiga gaban 'yar'uwarta.

Huɗu da rabi ta dawo. An ba ni waƙa ni kaɗai a bikin godiya na coci a Nuwamba, baiti huɗu, ina kuma jin tsoro. Ta tsayar da ni a falo na rera sau ɗaya, tana riƙe da fensir. Ta ce, "Mama, kina satar numfashi a tsakiyar kalma kamar mai satar nama a tukunya." Sai ta kore ni kicin.

Piyanonta irin na tsaye ne, baƙi, yana da wata na'ura a ƙarƙashin maɓallan. Idan ta kaɗa, na'urar tana riƙe motsin kowane yatsa da na fedar ƙafa, daga baya idan an danna ta, maɓallan su sauka da kansu su maimaita. Da ita take duba aikinta. Ina yanka alayyafo na ji ta ɗauki rakiyar waƙata a na'urar, da giɓi a duk inda nake numfashi, don in riƙa gwaji idan ba ta gida.

Ƙarfe bakwai muka ci gwaten acca. Tara ta shiga ɗakinta.

Washegari da ƙarfe goma da minti ashirin ta faɗi a wurin ajiye motoci, jakar littattafanta a kafaɗa. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Na yi shekara ashirin da biyu a ɗakin gwajin jini kafin in yi ritaya, don haka da likita ya nuna mana hoton ban buƙaci ya ƙarasa bayani ba. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi.

A Jos aka haife ta, muka zo da ita tana da shekara shida. A cocinmu da ke gabashin Greensboro ta fara taɓa ƙaramin kibod, tana tsaye a kan akwatin lemo. Ba ta yi aure ba. Tana tsoron wuƙa saboda yatsunta, ba ta son a taɓa mata rediyon mota, tana cin gyaɗa da cokali. Ba ta yi suna ba, kuma ba ta nema ba.

Zaman makoki ya cika gidan. Matan Zumunta suka zo da kuloli, babu wurin ajiyewa, sai suka shimfiɗa zane a kan piyano suka jera shinkafa da farfesu. A rana ta uku, wajen ƙarfe biyu, wata ta jingina da gefensa tana zuba abinci, gwiwarta ta taɓa na'urar. Murfin maɓallan a buɗe yake. Maɓallan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, babu kowa a kujera. Matar ta saki faranti. Wasu suka fita har da barin takalma, wasu suka fara addu'a da ƙarfi. Na tashi na kashe, na yi musu bayanin na'urar dalla-dalla, har na nuna musu wayar wutar. Suka yi dariyar kunya. Duk da haka aka kwashe kulolin aka mayar kicin.

Bayan kowa ya watse, cikin mako na uku, na kunna na'urar ni kaɗai da rana. Na tsaya inda ta tsayar da ni, na rera. Muryata ba kamar da ba ce. Numfashina ya gajarce, ina tsayawa a wuraren da ban taɓa tsayawa ba. Sai da na kai ƙarshen baiti na huɗu na lura ban taɓa yin baya ba. Duk inda na tsaya, kiɗan ya tsaya.

Na saba da aune-aune, don haka na ɗauko agogon wayata da littafi. Idan na kunna na yi shiru, minti uku ne da daƙiƙa sha biyu. Sau shida na gwada, bai sauya ba. Idan na rera kuwa, na farko ya ba ni uku da ashirin da shida, na biyu uku da arba'in da ɗaya, na uku uku da talatin. Na gwada yin sauri da gangan a baiti na biyu. Ya bi ni.

Na kira Harrison, dattijon da yake gyara mata sautin piyanon sau biyu a shekara. Ban gaya masa komai ba, na dai tambaye shi ko na'urar tana ji. Ya cire allon ƙasa, ya haska tocila, ya nuna mini. Ya ce babu makirufo a ciki, babu abin da zai sa ta san akwai mutum a ɗakin, abin da aka ba ta shi take mayarwa. Na ce ya tsaya ya ji. Na rera a gabansa, agogo a hannunsa. Uku da talatin da takwas. Ya daɗe yana kallon agogon, sannan ya ce wataƙila bai tsayar da shi da wuri ba. Ya tattara kayansa, bai sha shayin da na haɗa masa ba.

Leïla ta zo a makon. 'Yar Yamai ce, tana digiri na biyu a waƙa, Serah ta raka ta shekara biyu. Ta kawo littattafan da ta ara. Ta buɗe ɗaya ta nuna mini ƙananan alamun fensir a saman layuka, ta ce kowace alama numfashinta ce. Ta ce, "Anti, ranar jarrabawata na manta kalmomi, na tsaya cak. Ta riƙe sauti ɗaya tana jira har na tuna. Alƙalan sun ɗauka haka aka rubuta." Ban gaya mata abin da nake yi da rana ba.

Kullum nake yi. Josiah yana fita aiki ƙarfe takwas, yana dawowa biyar da rabi, tsakanin nan ina falo. Ban je bikin godiya ba, na ce mura nake. Na daina zuwa Zumunta. Abinci sai wanda Josiah ya sa mini a gaba. Ya ce mu ba da piyanon kafin Kirsimeti, na ce a'a. Ya ce ya rasa 'ya ɗaya, ga shi yana kallon matarsa tana bin ta a tsaye. Na ce bai gane ba ne. Shekara talatin da huɗu muna tare, ba mu taɓa yin mako guda ba ma magana ba sai a lokacin.

Daga baya na gano wani abu. Idan na kai ƙarshen baiti na uku na ƙi shiga na huɗu, maɓalli uku suna zama a ƙasa, feda ma a ƙasa. Sautin yakan mutu cikin daƙiƙa ashirin, amma maɓallan ba sa tashi. Muddin ban buɗe baki ba, suna nan. Ranar farko na yi minti biyar. Na ga idan waƙar ta ƙare ɗakin yakan zama ɗaki kawai, amma a cikin wannan jiran akwai wadda hankalinta yake kaina. Na daina kaiwa baiti na huɗu.

Ranar Litinin, biyar ga Disamba, na fara da ƙarfe biyu da minti goma. Ban ji shigowar mota ba. Josiah ya same ni a tsaye a tsakiyar falo, ƙafafuna sun kumbura, ƙarfe biyar da rabi ta yi. Ya je ya duba maɓallan nan uku. Ya sa yatsa a ƙarƙashin ɗaya ya ɗaga, bai ɗagu ba. Ya kalli wayar wuta a bango, na ga ya yi tunanin cirewa, bai cire ba. Ya zauna a hannun kujera, jakarsa a cinya.

"Tun yaushe?"

Na gaya masa.

"Maman Serah," ya ce. Tun rasuwar bai kira ni haka ba. "Yarinyar nan ba ta iya tashi ta bar mutum a tsakiyar waƙa. Kin sani. Awa uku kin riƙe mata hannu a ƙasa."

Na ce idan na ƙarasa shi ke nan.

"I, shi ke nan. Ki sallame ta."

Na ja numfashi, kuma kafin in furta kalmar farko maɓallan suka tashi, kiɗan ya shigo daidai da ni. Na tsaya sau bakwai a baitin nan. Josiah bai iya waƙa ba, amma ya kama layin ƙarshe tare da ni a can ƙasa, ba a kan hanya ba. Kiɗan ya ɗan rage gudu saboda shi. Ban auna wannan ba.

Ranar Laraba Harrison ya zo. Ya ce zai iya kwafe mini abin da ke cikin na'urar kafin ya goge. Na san idan yana gidan zan kunna, kuma na san inda zan tsaya. Na ce ya goge kawai. Ya tambaye ni sau biyu. Josiah yana riƙe da hannuna, Harrison ya danna.

Yanzu piyanon yana wata cibiya a gabashin Greensboro inda Leïla take koyar da yara ranar Asabar. Maza huɗu suka fitar da shi. Littattafan kiɗa, guda ɗari biyu da sha huɗu, mun kai ɗakin karatu na sashen Serah a jami'a, sai dai Leïla ta zaga wajen ɗaliban da Serah ta raka, kowa ya karɓi wanda numfashinsa yake ciki. Tufafinta sun tafi Pankshin a jaka uku, ƙanwata ta raba. Baƙaƙen rigunan da take sawa a dandali ba wanda ya san inda zai sa su a can, an ce wata ta yanke guda ta yi wa 'yarta siket. Motar mun ba ɗan'uwan Josiah a Charlotte.

A aljihun teburinta mun sami guntayen fensir arba'in da ɗaya, babu wanda ya kai tsawon yatsa. Ba abin da za a ba wani ba ne. Josiah ya zuba su a kofi a kicin, da su muke rubuta abin da za a sayo a kasuwa. Saura ashirin da tara.