Allon da Na Kai Bogo

Har yau ban san abin da ya sa Malam ya shanye ruwan nan ba. Shi ya san abin da ke allon, ni ce ban sani ba. To me ya hana shi ture hannuna? Na je har Bogo da wata tambaya, na dawo da wannan.

Mun tashi da asuba daga tashar Garwa, ni da ƙanwar mijina, kwana tara bayan na fita takaba. A ƙulle cikin zanena akwai wani ɗan allo da bai wuce tafin hannu ba. Malam, mijina, direba ne a kamfanin auduga. Shekarun baya ya yi mako biyu yana yawo da wani Bajapane da ya zo duba injuna, ranar rabuwa mutumin ya yi masa zane huɗu a allon da baƙar tawada. Malam ya rataye shi a saman ƙofa. Ni ban yi karatu ba. Rubutun da ke allo, aka kuma rataye shi a ƙofa, a wurina tsari ne. Da ciwo ya kwantar da Malam, allurar asibiti ta ƙi, rubutun malaman unguwa ya ƙi, sai na sauko da allon. Na wanke zane na ƙarshe a ƙwarya, da ƙyar ya fita, na ba shi ya sha. Kafin la'asar ya cika. Tun ranar nake ganin ni na kashe shi.

Wani mai sayen fata ne ya ce mana akwai wani Bajapanen daban a Bogo, zaune cikin makiyaya. Kuɗin mota ya hau, har na sayar da akuyata. Motar ta cika da buhunan albasa da busasshen kifi, mu kuma aka cusa mu a tsakani. A Figil komai fari fat da ƙurar siminti, har awaki. Can jandarma ya tsayar da mu, ya karɓi katina, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce ba mu yi kama ba. Na ce masa wadda ke hoton tana da miji. Ya miƙo mini katin.

Muka kwana a Marwa gidan wata 'yar garinmu. Ta yi mana tuwon masakwa da miyar yakuwa, mai tsamin da ya kusa cire min sauran haƙora. Ƙanwar mijina ta cinye nata ta taya ni da nawa. Marwa gari ne mai inuwa, darbejiya a jere ko'ina, amma koginsu yashi ne zalla, mata na haƙa rami a tsakiyarsa suna ɗiban ruwa.

Mun shiga Bogo ranar kasuwar shanu. Muka sami Bajapanen a gindin tsamiya, a kan tabarma, da wani akwati mai ɗaukar murya. Siriri ne, da tabarau. Ya gaishe ni da Fulatancin da ya fi nawa, ni da na tsufa a Garwa. Wannan kaɗai ya rikita ni. Na kwance allon, ya karɓa da hannu biyu, ya kira ni Dada, wato uwa a Fulatanci.

"Dada, ina na huɗun?"

Na ce wa ya gaya masa huɗu ne? Ya ce a ƙasarsu irin waɗannan maganganu huɗu-huɗu suke tafiya, wanda ya ga uku ya san ɗayan. Akwai su da yawa: na haƙuri, na ƙwazo, na mutum biyu da ke gane juna ba sai sun yi magana ba. Ya nuna min na farko da na uku, kowanne ɗan layi ne a kwance, ya ce ɗaya ke nan. Na biyun yana nufin tsawon ran mutum. Wanda na wanke yana nufin haɗuwa. A haɗe, wai duk zaman da ka yi da mutum ba zai sake dawowa ba, ko da gobe za ka gan shi, don haka ka riƙe shi da kyau.

Na ce to maganin mene ne? Ya ce ba magani ba ne. Na ce tsari ne? Ya ce a'a. Na ce to me ake yi da shi? Ya ce kallonsa ake yi. Wannan kam har yanzu bai shiga kaina ba.

Sai na faɗa masa abin da na yi. Ya cire tabarau. Daga baya ya ce tawadarsu baƙin hayaƙi ce da danƙo, ba ta kisa, ko jariri ya lasa. Ya ƙara da cewa ba a ba mutum irin wannan allo sai an gaya masa ma'anarsa. Ke nan Malam ya sani. Na yi kuka a gaban makiyaya da shanunsu. Ya ce zai mayar mini da zanen da ya ɓata. Na ce ya bari, wancan yana wurin mai shi.

Mun dawo Garwa bayan kwana biyu, na mayar da allon saman ƙofa da zanensa uku. Tafiyar ta sauke min abu ɗaya: ban kashe mijina ba. Ta kuma koya min cewa akwai mutanen da ke yin rubutu don kallo kawai. Sauran ban gane ba. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, kullum ina ɗauka gobe ma haka ne.

Ran nan, da na kai wa Malam ƙwaryar, ya ɗaga ido ya dubi ƙofa, ya ga babu allon. Ya yi murmushi, ya shanye tas. Na tashi zan je wanke ƙwaryar, ya kama bakin zanena.

"Ladi, ƙwaryar ba za ta gudu ba. Zauna nan tukuna."