Mma Atikatu, Wadda Ta Wanke Nonona

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, huɗu ga Maris 2025, cikin azumi, Allah Ya karɓi ran Mma Atikatu, ungozomar asibiti da ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa a Salaga.

Mma, kin san ni da baki, yau ma ba zan yi shiru ba. Jarirai biyu na binne, kowanne bai kai wata ba: amai, idanu su yi rawaya, sai rasuwa. Tsofaffin gidan mijina suka tatsi nonona a ludayi, suka jefa tururuwa, ta mutu. Shi ke nan, an yanke hukunci, Fulera mai mugun nono. Na ji zafin sunan nan har cikin ƙashina.

Da na haifi Taslima ta fara amai, ke kika tsaya a ƙofa kika ce, "Tururuwa ba likita ba ce." Kika dakatar da shayarwa, kika nemo madarar waken soya ta jarirai. Kika tsaga diddigenta, kika ɗiga jini a 'yar takarda, kika aika kudu don gwaji. Mako biyar muna jira.

Sakamako ya zo. Jikinta ba ya iya sarrafa sukarin da ke cikin kowace madara, ta mutum ko ta saniya, kuma gado ne. Kika tara dangi, kika dubi mijina Sidiku, ɗan kawuna. "Rabi daga gare ka, rabi daga gare ta, kakanku ɗaya. Wa za ku zaga yanzu?" Ranar ce na fara ɗaga kai a gidan nan.

Taslima ta shekara shida. Tun ba a yi sadakar bakwai ɗinki ba, wasu sun fara cewa ai ta girma, a ba ta fura da nono, tsohuwa ce ta cika tsanani. To su ji da kyau: muddin ina numfashi ba za ta sha ba. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu kuma, ni zan kai shi gwajin jini, mai fushi ya yi ta yi.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki Iliasu da Ubaida, da 'yan'uwanki na Yendi da Bawku. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ni kuma Ya ba ni rabin taurin kanki, ya ishe ni in reni yarinyar nan.