Kwalaben Bikin Solange

Firmin Astier maƙwabcina ne tun ina amarya. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a ƙauyen Cornas na ƙasar Faransa, kuma har yau ban ga mai taurin kai irinsa ba, ko da na haɗa da marigayi mijina Émile, wanda shi ma ba baya ba ne. Gajere ne, ƙafafunsa sun gwame saboda hawan dutse. Gonarsa tana can saman tudun da ke bayan coci, inda ko jaki sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya hau. Irin inabin da ake kira Sira yake nomawa, kamar kowa a nan. Duk shekara ruwan sama ya wanko ƙasar gonar zuwa gindin tudu, shi kuma ya kwashe ta a kwando ya mayar da ita sama a bayansa, yana tafe yana yi wa ruwan faɗa.

Gidan su Astier suna da wata al'ada tun kakanni. Shekarar da aka yi haihuwa, sai a zaɓi gangar da ta fi kyau cikin giyar wannan kakar. Idan ta gama zamanta a ganga, a cika kwalabe goma sha biyu, a kwantar da su cikin yashi a wani lungu na ɗakin ƙasa, a toshe bakin lungun da bulo. Ba mai taɓa su sai ranar aure. Idan 'ya mace ce, a ranar uban zai miƙa wa ango mabuɗin kwalba ya buɗe ta farko, sannan ya rataya masa makullin ɗakin ƙasan. Daga nan gona da giya sun koma hannun suruki.

'Ya ɗaya Allah ya ba Firmin da matarsa Huguette, ita ce Solange. Shekarar da aka haife ta rana ta yi kyau, aka yi ɗan ruwa daidai lokacin da ake so, inabi ya nuna baƙi wuluk. Firmin ya toshe lungunsa. Abin da ya rage a gangar ya rarraba, Émile ya sami kasonsa saboda shi ya taya shi dakon kwanduna. Ta haka na san wannan giyar tun tana jaririya, domin mu ba mu da lungu ba mu da bulo. Idan abu ya taso sai mu buɗe kwalba ɗaya.

Ta farko mun buɗe ta Solange tana shirin shiga makaranta. Baƙa ce kamar tawada, ta rina mana haƙora. Bauri ya kama harshe ya riƙe kamar mutum ya tauna ɗanyen ɓaure, ga ƙanshin masoro yana hawa hanci. Émile ya ƙware, ya yi ta tari, ya ce wannan ai sai a ba doki. Firmin kuwa daɗi ya kama shi. Ya ce haka yake so, Sirar da ta yi ladabi tun tana ƙarama ba ta tsufa.

Bayan wasu shekaru muka sake buɗe wata, sai muka tarar ta yi gum. Ba ƙanshi, ba komai, sai tsami da bauri kowanne yana zaune shi kaɗai. Na ce wa Firmin giyarsa ta mutu. Ya harare ni ya ce barci take yi, in bar masa ita, tunda ni ban iya barin kowa ya yi barci ba. A wannan tsakanin ne Huguette ta rasu, ta bar Solange tana budurwa. Ƙawata ce ta ƙut da ƙut, kuma har yanzu idan na wuce ta ƙofar kicin ɗinta zuciyata tana sosuwa.

Ranar auren ɗana na gane Firmin yana da gaskiya, ko da yake ban faɗa masa ba. Giyar ta haura shekara ashirin. Baƙin ya saki, ta koma ja mai duhu. Baurin ya kwanta. Da aka zuba, ƙanshin kyafaffen nama ya fara fitowa, sai na baƙin zaitun, can a ƙasa kuma na ɗan furen nan mai ruwan shuni da ke tsirowa a gindin katanga. Masoron yana nan, amma ya koma baya, sai ka haɗiye yake leƙowa. Da ta kai talatin kuwa, ba ni da bakin faɗa. Ƙanshin jemammiyar fata, da ganyen taba, da ƙasar kurmi bayan ruwa. Tana bin harshe a hankali, kuma ka daɗe da ajiye kofi tana nan a bakinka. Da a lokacin aka fasa bulon nan, da an yi shekaru ana labari.

Sai dai ba a yi aure ba. Ba wai Solange ta rasa manema ba ne. Akwai Gilbert, mai aikin jirgin ƙasa, wanda ya so ya tafi da ita birnin Valence ya ajiye ta a bene. Ta je ta ga benen, ta dawo ta ce ba za ta iya kwana inda ba ta ganin tudu ba. Akwai wani kuma daga tsallaken kogi, shi da ya hau gonar sau ɗaya ya sauko yana haki bai sake dawowa ba. Daga nan ta daina sauraron kowa. Ta ɗauki almakashin datsa da kwando, ta bi uban. Da gwiwoyinsa suka fara ƙi, ita ta ci gaba da mayar da ƙasa sama, ita ke gyaran katangun dutse, ita ke ɗaure kurangar inabin a turaku idan iskar arewa ta taso. Har matse inabi da ɗanɗana ganguna duk ita ce.

Amma makullin yana wuyan Firmin a igiya. Kullum da safe sai mace mai shekara arba'in ta tsaya a ƙofa ta ce, "Baba, makulli," kafin ta shiga ɗakin da ita ke yi wa aiki. Idan baƙi sun zo sayen giya, a gabanta zai ce yana riƙe da gonar ne kafin yarinyar ta kawo masa suruki. Ita kuwa sai ta ci gaba da wanke kofuna. Ni ce abin ke ci wa rai.

Kwalbarmu ta ƙarshe na buɗe ta ranar da muka binne Émile. Da na ɗaga kofin wajen taga, sai na ga gefenta ya koma kalar jan bulo. Ƙanshin yana nan, mai sanyi, kamar na busasshen ɓaure da tsohon akwati, amma da ka haɗiye sai ta ɓace, ba ta tsayawa kamar da. Na ɗauki kofin na kai wa Firmin har inda yake zaune.

"Shinshina ka ji," na ce masa. "Giyarka ta fara sallama."

Ya shinshina, ya kurɓa. Sannan ya ce tamu ce kawai, wai mun ajiye ta kusa da murhu.

"Kai dai ka ji kunya, tsohon banza. A ƙarƙashin matakala take, inda ya fi ɗakinka sanyi. Ka fasa bulon nan ka ba yarinyar nan abinta."

"Ginette, ba a yi biki ba."

"To ka aure ta da kanka mana, tunda kai kaɗai ne namijin da ya iya hawa tudun."

Ya ce bakina ne ya kashe Émile, ya ɗauki hularsa ya fita. Muka yi wajen wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Haka aka ƙara shekaru. Abin da ya karya shi ba maganata ba ce, hancinsa ne. Wata kaka, bayan an gama tsinke inabi, ya sauka ɗakin ƙasa da safe sai ya ji wani wari wanda ba na sabuwar giya ba. Ya bi shi har bakin lungun. A ƙasan bulon akwai wani ɗan tabo mai danshi. Matoshin wata kwalba ya ruɓe, giyar ta tsiyaye cikin yashi. Daga baya Solange ta gaya mini ita ta daɗe da ganin tabon, ta ja wata tsohuwar ganga ta kare shi, don kada ransa ya ɓaci. Shi ya ture gangar da kansa.

Da hantsi sai ga shi a ƙofata, hula a hannu, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce yana so in dafa abinci ranar Lahadi, irin na biki: zomo da miyar giya, dankali a tanda, cukun akuya, da burodi mai yawa. Na tambaye shi wa ke aure. Ya ce ba kowa, in dafa kawai, in kuma rage surutu idan zan iya.

Ya fasa bulon da kansa, ya tsayar da kwalaben kwana biyu don guggubin ya kwanta. Ranar Lahadi bayan coci aka jera tebura a tsakar gidansa. Maƙwabta suka zo, da masu taya su tsinkar inabi. Solange ta sauko daga tudu da takalman aiki, tana zaton walimar ƙarshen kaka ce, sai ta ga kwalaben a jere da yashi a jikinsu. Ta tsaya cak.

Firmin ya ɗauki mabuɗin, wanda na kakansa ne. Kowa a wurin ya san wanda ya kamata a miƙa wa, kuma kowa ya san babu shi. Ya juya shi a hannu, ya sake juyawa. Sannan ya zagaya teburin da ƙafafunsa gwamammu, ya miƙa wa 'yarsa. Ya cire igiyar daga wuyansa, ya yi ɗage, domin ta fi shi tsawo, ya rataya mata.

Ta farko da ta buɗe, matoshin ya marmashe. Giyar ta fito kalar shayi, tana warin tsatsa. Ta biyu ma haka. Na dubi Firmin, sai duk faɗan da na tanada ya gudu, tausayinsa ya kama ni.

Ta uku matoshin ya fito lafiya. Solange ta kunna kyandir, ta riƙe wuyan kwalbar a kan hasken, ta tsiyaye ta a hankali cikin tulun gilashi, ta tsaya da guggubin ya iso wuya. Da farko ba a ji komai ba sai warin ɗaki rufaffe. Ta ce a ba ta ɗan lokaci. Muka ci burodi muna jira. Can sai ƙanshin ya fara tashi, siriri: busassun ganye, fata, ɗan hayaƙi, da wani zaƙi-zaƙi kamar na inabin da ya bushe a kan kuranga. Babu sauran bauri ko kaɗan. A can ƙarshe, bayan an haɗiye, sai ga ɗan masoron nan na yarinta, bai tafi ba.

Firmin ya riƙe kofinsa bai sha ba. Ya ce da Solange, a hankali, amma duk mun ji, "Na yi ta jiran wani ya zo ya karɓi tudun nan, alhali kina kansa tun tuni. Ki yafe mini, 'yar nan."

Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Sha, Baba, ba za ta daɗe ba."

Gaskiya ta faɗa. Kafin a kawo cuku ƙanshin ya fara janyewa, abin da ya rage a kofuna ya koma ruwa mai tsami. Solange ta buɗe sauran duka a ranar, ba ta bar ko ɗaya ba. Huɗu aka samu da rai, muka shanye su da sauri muna dariya, wasunmu muna kuka. Sauran sun mutu.

Da yamma ina tattara kwanuka na ɗauki matattun zan juye a tulun da muke yin ruwan tsami. Firmin ya riƙe hannuna. Ya mayar musu da matosai, ya kwashe su ya kai ɗakinsa. Duk sanyin wannan shekarar, idan na leƙa ta katanga da rana, sai in gan shi a bakin ƙofa da kofi ɗaya na wannan abu mai warin tsatsa, yana kurɓa yana yamutsa fuska. Solange ta yi ta kawo masa mai kyau daga ɗakin ƙasa, yana ƙi. Ranar da na gaji na ce masa ya zubar kafin ta ɓata masa ciki, bai ko ɗago kai ba. Ya ce shi ya sa su jira har suka mutu, don haka shi zai shanye su.